Yadda muka kafa injin zarto mai bel a shagon Kawu a Garwa: wuta, waya da lam

Duk kafintan da ke Garwa ya san katakon aiki ba a nan yake tsirowa ba. Ayus, sapeli, iroko, daga dazukan kudu da gabashin Kamaru suke tasowa, wasu ta jirgin ƙasa har Ngaundare inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga can a loda su a manyan motoci su gangaro dutse su iso mana, wasu ma su wuce Marwa da Kusiri har Njamena. Kafin katako ɗaya ya shiga shagonka kuɗin mota ya riga ya hau kansa, dan haka duk abun da zarto ya mayar gari, kuɗi ne ya zube ƙasa. Wannan lissafin ne ya sa ƙanin mahaifiyata, wanda ke da shagon kafinta a unguwar Yelwa, ya tara kuɗi ya sayi injin zarto mai bel, wanda ruwan zartonsa, wato lam, siririn ƙarfe ne mai haƙora da aka haɗa bakinsa biyu yana zagaya wili biyu kamar bel. Shekara da shekaru yana ɗaukar katako a amalanke ya kai inda ake tsagawa da zarton faifai, ya biya kuɗin tsaga ya biya mai turi, kuma faifan nan yakan cinye milimita 3 ko sama a kowane yanka, shi kuwa na bel da kyar yake kai milimita ɗaya da rabi. Ni aikin wayarin nake yi, shi ya sa kafa injin ya faɗo hannuna, kuma na ga ya kamata in rubuta yadda abun ya gudana daga farko, dan na san akwai masu shirin saye da yawa, kuma kusan kowa farashin inji kaɗai yake tambaya.

Injin na hannu ne, ƙirar Italiya, daga Duwala aka ɗoro shi. Jikinsa ƙarfen zubi ne mai nauyi, wili biyu kowanne faɗinsa milimita 600, teburinsa lafiya lau ba tsagewa. Kawu ya duba tebur ya duba wili ya buga jikin ya ji ƙarfe ne na gaske, ya biya. Abun da bai duba ba shi ne ƙaramin allon da ke manne a jikin moter ɗin, wanda ƙura da mai suka rufe. Da na goge shi da tsumma ga abun da ke rubuce: kilowat 3, volt 230/400, ampa 11.3/6.5, hertz 50, juyi 1430 a minti. Wato moter ne mai layi uku, trifaze. Shagon Kawu kuwa waya biyu ce ta shigo masa, volt 220, da ƙaramar mita wadda ke ɗaukar fitila da fanka da ɗan injin goge katako. Na ce masa "Kawu, wannan injin ba zai tashi da wutar da ke shagon nan ba." Ya ce "Ɗana, ai mai sayarwa ya ce ana saka masa kondansa ya yi aiki." Na ce ana sakawa, amma bari mu zauna mu yi lissafi tukun.

Abu ɗaya dai ya yi mana daɗi, hertz 50 ɗin. Wutar Kamaru da Chadi da Najeriya duk 50 ce, irin ta Turai. Da injin Amurka ne mai hertz 60 da gudunsa ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma volt ɗinsa ma ba lallai ya zo daidai ba. Wanda zai sayi na hannu ya fara karanta allon nan kafin ya taya.

Hanya huɗu muka ajiye a gaba. Ta farko kondansar nan da aka faɗa masa, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta. Gaskiya ne in ka haɗa moter a delta, wato ɗaya daga hanyoyi biyu na haɗa wayoyin cikinsa, ka ƙara kondansa zai juya da waya biyu, masu injin markaɗe da yawa haka suke yi, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi kenan, kuma ƙarfin tashinsa rauni ne da shi sosai. Shi kuwa wannan zarto dole moter ya tayar da wili biyu na ƙarfen zubi daga tsaye, zai yi ta gurnani yana jan wuta yana zafi kafin ya kai gudu, a garin da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40, alhali yawancin irin waɗannan moter lissafin da aka yi musu iska ba ta wuce digiri 40 ba. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ta biyu variyater, akwatin da ke karɓar waya biyu ya fitar da layi uku na 220, yana tayar da inji a hankali, abu ne mai kyau, sai dai na kilowat 3 zai ja sama da ampa 20 daga waya biyu, mitar shagon ba za ta ɗauka ba, ga shi ba ya son ƙura, mu kuwa garin katako da ƙurar hunturu su ne abokan zamanmu. Ta uku a cire moter a sa na monofaze, wato mai aiki da waya biyu, shi ma wajen ampa 18 yake ja, matsalar mitar tana nan. Ta huɗu a nemi mitar trifaze. Na fita na ɗaga kai na ƙirga wayoyin da ke kan turken bakin titi, huɗu ne, layi uku da nutral, to magana ta ƙare. Aka cika takarda aka biya aka jira, injin yana rufe da tampol har aka zo aka ɗaura mitar. Kawu ya ƙosa ƙwarai a wannan jiran, amma ita ce hanyar da ba za ta ci moter ba.

Daga mita zuwa inda injin zai zauna mita 35 ne in ka bi bango. A lissafi waya mai kaurin milimita 2.5 ta isa ampa 6.5, abun da zai zube a hanya bai kai volt 3 ba. Amma na sa mai milimita 4, saboda wayar za ta bi ƙarƙashin rufin kwano inda zafi ke rage mata ƙarfi, kuma na san Kawu, yau zarto ne gobe zai ce injin fere katako yake so a kan wannan layin. A wajen sayen waya sai an buɗe ido. Akwai wadda ake sayarwa da araha, in ka fere ta za ka ga ja kamar tagulla, amma in ka kankare da wuƙa sai fari ya fito, alminiyam ne aka yi wa fenti da tagulla, kuma in ka ɗaga naɗin za ka ji ba nauyi. Akwai kuma wadda aka rubuta 4 a jikinta alhali cikinta bai kai 3 ba. Na sa aka yanko guntu na kankare a gaban mai shago kafin mu biya. Muka saka ta cikin bututun roba muka ɗaure a bango, ba a bar ta a ƙasa inda katako zai faɗa mata ko ɓera ya ci ba.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, kuma nan ne muka fi ja da Kawu saboda kuɗi. Makunnin da ya zo da injin irin na murɗawa ne, in ka murɗa ya zauna a kunne har sai ka mayar da shi. A Turai wataƙila ba damuwa, amma mu nan arewa wutarmu mafi yawa daga dam ɗin Lagdo take zuwa, wanda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, ƙarfinsa megawat 72, shi ke riƙe da Garwa da Marwa da Ngaundare, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya da rani sai an yi rabon wuta unguwa-unguwa. To ka ɗauka ana cikin yanka wuta ta ɗauke, yaro ya manta bai murɗa makunni ba, ya sa hannu yana ciro katakon da ya maƙale ko yana share gari kusa da lam, sai wuta ta dawo ba sallama. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa na cire makunnin na sa kontakta da maɓalli biyu, kore na kunnawa ja na kashewa. Ita kontakta wuta ce ke riƙe da ita, da zarar an ɗauke sai ta saki, kuma ko wuta ta dawo injin ba zai motsa ba sai mutum ya danna kore da hannunsa. Jan maɓallin na sa babba mai kai kamar lema, a daidai inda gwiwa ko tafin hannun hagu zai same shi ba sai an duba ba.

Kafin kontakta akwai dijontar na moter, makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, wanda ake saitawa daga ampa 6 zuwa 10, na tsayar da shi a 6.5 daidai da allon. Mutane da yawa sukan sa dijontar na gida na ampa 32 su ce ai babba ya fi, amma shi wannan waya yake karewa, moter zai iya jan ampa 12 na tsawon awa ya ƙone ƙurmus shi ko gezau. In kuma ka sa ƙarami na gida zai riƙa faɗuwa duk tashi, saboda lokacin tashi moter yana jan ninki 5 zuwa 7 na wutarsa, wato wajen ampa 40 na 'yan daƙiƙu. Na moter an yi shi ne ya haƙura da wannan ɗan lokacin amma ya yanke in nauyi ya daɗe. Sai na ƙara rilen da ke gadin layi uku, wanda in layi ɗaya ya ɓace, ko volt ya yi ƙasa sosai, ko aka juya jerin layukan, zai hana kontakta kamawa. Kawu ya riƙe ɗan akwatin nan a hannu ya ce "Wannan ɗan abun ne da wannan kuɗi?" Na ce "Kawu, ka je ka tambayi mai naɗin moter nawa yake karɓa a kilowat 3, kuma ka tambaye shi me ya fi kawo masa aiki." Ya yi shiru ya ciro kuɗin. Abun da ke faruwa shi ne, in layi ɗaya ya yanke alhali moter na gudu, ba ya tsayawa, yana ci gaba da juyawa a kan layi biyu, wutar da ke bin su ta hau kusan ninki biyu, sautinsa ya ɗan canza kawai, kai kana ta tura katako, kafin ka ji ƙauri koyil, wato naɗin wayar cikin moter, ya riga ya tafi.

A can farkon layi kuma na sa difaransiyel na miliampa 30 mai ƙafa huɗu, shi ne mai kare mutum in wuta ta zubo a jikin inji. Amma aikinsa ba ya cika sai da wayar ƙasa. Ƙasar Garwa da rani bushewa take ƙayau, in ka kafa sandar ƙasa a busasshen wuri kusan ado ne. Bayan shagon akwai inda ake alwala, ƙasar wurin kullum a jiƙe take, nan muka kafa sanda mai tsawon mita 2 muka ja waya mai launin kore da rawaya har jikin injin, na kankare fenti a inda zan ɗaure ta dan ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Na danna maɓallin gwajin difaransiyel ɗin ya faɗi nan take, na nuna wa babban yaron shagon ya riƙa danna shi duk farkon wata.

Cikin akwatin moter akwai ƙusoshi shida da 'yan faranti uku na tagulla. Na tarar an jera farantan a tsaye, wato delta, alamar wanda ya yi amfani da shi a baya da 220 ya yi aiki. Da mun ba shi volt 380 na mitar trifaze a haka da bai yi minti nawa ba. Allon ya ce 230/400, ma'ana ƙaramar lamba delta ce babbar kuwa tauraro, dan haka na kwantar da farantan suka haɗa ƙusoshi uku na gefe ɗaya, layuka uku suka shiga ɗaya gefen. A kula, akwai moter mai 400/690, shi a wutarmu delta ake masa, kar a ce duk ɗaya ne. Na auna tsakanin layuka na samu 384, 381, 379, sun yi kusa da juna yadda ake so. Gwajin farko ba lam muka yi shi. Na danna kore na danna ja, muka kalli wilin ƙasa, sai ga shi yana juyawa baya, wanda da akwai lam haƙora sama za su riƙa tafiya. Wannan ba matsala ba ce, na kashe daga mita na sauya wayoyi biyu, ya dawo daidai.

Zaman injin bai ba mu wahala ba. An zuba siminti an daidaita da ma'aunin ruwa, an ɗaure ƙafafu da ƙusoshin siminti, an bar fili gaba da baya wanda katako mai mita 5 zai shiga ya fita. Robar da ke kan wilin sama ta tsattsage, muka ɓare ta muka manna sabuwa, rulman wilin ƙasa, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da wili ke juyawa a kai, yana ƙara muka canza. Na sa ɗan burushi yana shafar wilin ƙasa dan gari kar ya taru a kan roba. Fulin moter, faifan da bel ɗin moter ke zagayawa a kai, rabin fulin wili ne, wato wili yana juyi wajen 715 a minti, lam tana gudun kusan mita 22 a daƙiƙa, daidai ne ga katako.

Sai maganar lam, ruwan zarton kansa, wadda a ganina ita ce rabin injin. Mai sayarwa ya haɗo da guda ɗaya a naɗe. Da na auna kaurinta milimita 0.9 ne, ta babban inji ce aka yanke aka haɗa. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kaurin lam kar ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin wili, wilin 600 lam ɗinsa 0.6 kenan. Dalili kuwa, lam tana lanƙwasawa tana miƙewa sau biyu a kowane zagaye, sau ɗaruruwa a minti, in ta yi kauri ƙarfen yana gajiya. Na kai ta bakin ƙofa inda haske yake na lanƙwasa ta kaɗan, sai ga 'yan tsage sirara kamar gashi a gindin haƙora, guda a nan guda a can. Na nuna wa Kawu da farce. Ba mu ɗora ta ba ko sau ɗaya. Tsawon da za mu saya kuwa, mun sauke wilin sama zuwa tsakiyar tafiyarsa muka zagaya igiya a kan wili biyun muka auna, mita 4 da santimita 52. Lissafi ma haka ya bayar, nisan tsakiyar wili zuwa tsakiyar wili sau biyu, a ƙara faɗin wili sau 3.14.

A kan haƙora ne ra'ayinmu ya bambanta. Kawu ya fi shekara talatin yana riƙe da zarton hannu, kuma a zarton hannu ƙananan haƙora su ke ba da yanka mai santsi, dan haka ya ce a sayo mai haƙora ƙanana masu yawa. Ban yi gardama da baki ba, na ce a sayo biyu a gwada. Nan ma akwai abun lura, masu kawo lam daga Duwala tazarar haƙori zuwa haƙori suke faɗa da milimita, masu kawowa ta Yola da Mubi kuwa yawan haƙora a inci suke ƙirgawa, inci kuma milimita 25.4 ne. Wato "shida" a bakin wannan daban da "shida" a bakin wancan, haƙora 6 a inci tazarar milimita 4 ce da ɗan kai, haƙora 3 a inci kuwa wajen milimita 8. Ka tafi da ma'auninka ka auna da kanka. Muka sayo mai faɗin milimita 25 kauri 0.6 guda biyu, ɗaya tazara 4 ɗaya tazara 8.

Muka ɗauko guntun sapeli mai tsayin santimita 15 za mu tsaga shi a tsaye. Da mai tazara 4 aka fara. Santimita goma na farko lafiya, daga nan sai Kawu ya fara dannawa da ƙarfi, sautin ya yi nauyi, wari ya tashi, layin fensir yana nan lam ta kama hanyar dama. Da muka raba katakon fuskarsa ta yi baƙi-baƙi, garin ya danƙare a jiki kamar an shafa, tsakiyar yankan kuma ya yi ciki, sama da ƙasa daidai amma tsakiya ta lotsa. Na taɓa lam bayan ta tsaya, da zafi. Aka sauya aka sa mai tazara 8, katako ɗaya, hannu ɗaya. Gari ya riƙa zubowa ƙasa warwar, Kawu yana turawa da yatsu kawai, lam tana bin fensir har ƙarshe. Ya juya katakon ya shafa ya ce "Ikon Allah, ashe haka ne." Bayanin ba wuya, ramin da ke tsakanin haƙori da haƙori kamar guga ne a rijiya, yana shiga ya ɗebo gari sai ya fito ƙasan katako ya zubar, in gugan ƙarami ne tun a rabin hanya ya cika, sauran tafiyar gogawa kawai yake yi. A santimita 15 mai tazara 4 tana da haƙora wajen 37 a cikin katako lokaci ɗaya, mai tazara 8 wajen 18. Abun da ake so kar su gaza 3 dan kar su fizgi katako, kuma kar su wuce ashirin da 'yan kai. Fuskar da manyan haƙora suka bari tana da ɗan zane, gaskiya ne, amma sau ɗaya za ka bi da abun fere ya tafi, lotsawar can kuwa sai ka cinye milimita biyu ko uku kafin ta miƙe.

Daga ƙarshe lam iri biyu shagon ya tsaya a kai. Mai faɗin 25 tazara 8 dan tsaga da yankan miƙe, da mai faɗin 10 tazara 6 dan lanƙwasa, irin kan gado da ƙafar kujera da bakan saman ƙofa, ita tana iya zagaya da'irar da ta kai faɗin santimita 8 ko kusa da haka, mai faɗin 25 kuwa in ka tilasta mata kwana bayanta ne zai goge katako ta karye. Mai tazara 4 ɗin ba a yar ba, tana aiki a filawud da siraran katako. Game da irin ƙarfe, na ba da shawarar a ɗauki wadda ake iya wasawa da magagari. Akwai mai haƙora masu tauri da suka yi baƙi-shuɗi, ta fi daɗewa da kaifi amma magagari ba ya kama ta, in ta dakushe sai jefarwa, akwai kuma mai kan kabaid mai tsada wadda ƙusa ɗaya za ta iya zubar mata da haƙora. Tunda akwai masu wasa lam da masu haɗa ta a gari, ta talaka ta fi mana. Amma a duba aikin mai wasawa, musamman buɗin haƙora, ɗaya dama ɗaya hagu, in gefe ɗaya ya fi buɗewa lam za ta riƙa janyewa can ko me ka yi mata. Haɗin kuma a shafa da yatsa a ji ba tudu, bayan lam ɗin a miƙe yake.

Ɗaurin lam da saitin jagorori, wato abubuwan da ke tare lam kar ta kauce, na koya wa babban yaron sau da yawa har ya kama. Ana kashe wuta daga dijontar tukun. A ja da jagorori baya, a ɗora lam haƙora suna kallon ƙasa, a ɗaure, a juya wilin sama da hannu ana saita karkatarsa har lam ta zauna wuri ɗaya. Wilin wannan injin shimfiɗaɗɗe ne ba mai tudu a tsakiya ba, dan haka mai faɗin 25 haƙoranta suna leƙowa waje da bakin roba, in ba haka ba za su cinye robar kuma buɗinsu ya lalace. Ɗauri kuwa in ka ɗaga jagora sama ka danna lam daga gefe da yatsa kar ta kauce fiye da milimita 5 ko 6. Jagororin gefe sun lalace tun zuwa, Kawu ya fere guntayen madaci ya jiƙa su da mai ya saka, suna aiki sarai, ana barin tazarar takarda ɗaya tsakaninsu da lam, kuma a bayan ramin haƙora suke tsayawa. Rulman baya rabin milimita ne tsakaninsa da lam, sai an fara yanka yake taɓawa. Jagoran sama a sauke shi ya rage kamar yatsa ɗaya a kan katako, wannan yana hana lam rawa kuma yana rufe ta daga hannu. Da yamma in an tashi a sassauta ɗauri, dan lam ta yi zafi ta miƙe da rana, in ta huce a ɗaure tana matse roba da rulman.

Katakon namu shi ma yana da nasa hali. Wanda ya sha hanya daga Ngaundare yashi ya shiga jikinsa, ga ƙurar hunturu, in ba a goge shi da burushin ƙarfe ba lam ba ta daɗewa. Iroko wani lokaci yana da farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa wanda ke dakusar da haƙora nan take, kuma garinsa yana sa ƙaiƙayi da tari, dole a rufe hanci. Ayus yana da laushi amma in ɗanye ne yana son buɗin haƙora mai yawa. Abun da na fi jan kunne a kai shi ne gungumen darbejiya da mutane ke kawowa a tsaga musu. Abu mai zagaye in ya haɗu da lam mirginawa yake yi ya fizgi hannu ya shiga da shi, sai an kafa shi a kan katako shimfiɗaɗɗe da ƙusa ko a yi masa mazauni mai kwari kafin a kusanci lam. Kuma santimita ashirin na ƙarshe na kowane yanka da sandar turi ake ƙarasawa.

Ba a daɗe da fara aiki ba Kawu ya kira ni da la'asar, ya ce "Ɗana, injin ya mutu, muna cikin yanka ya tsaya, mun danna kore ya ƙi, ga shi fitila tana ci." Na zo na tarar ƙaramar fitilar rilen ta koma ja. Na auna, layi biyu suna nan, na ukun babu, ya yanke daga can waje, fitilar shagon kuwa a kan ɗaya daga masu rai take shi ya sa ba su gane ba. Na ce kar a taɓa komai, a jira. Washegari layin ya dawo, aka danna kore injin ya tashi kamar ba abun da ya faru. A wannan yammacin wani mai injin niƙa a layinsu moter ɗinsa ya ƙone, na ji tausayinsa ƙwarai dan da shi yake ciyar da gida, kuma daga baya shi ma na je na ɗaura masa irin wannan rilen.

Akwai abubuwan da har yanzu ba su kammala ba. Birkin ƙafa na injin ya lalace, in an kashe wili yana daɗewa yana juyawa shiru, a yanzu doka ita ce ba mai barin wurin ko buɗe murfi sai lam ta tsaya cak, amma gyaransa na nan cikin abun da za a fara yi. Ba a sa injin zuƙe gari ba tukun, ana sharewa ne da hannu a hura moter duk ƙarshen mako dan gari kar ya toshe masa fanka. Sai maganar ranar da babu wuta. Gurup ɗin Kawu, wato janareta, na kVA 5 ne monofaze, ba zai yi ba sam, wannan moter da ke tashi kai tsaye yana son trifaze na wajen kVA 10, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Abun da ake yi yanzu shi ne duk ranar da wuta ta zo da safe a fara da tsaga, a tara yankakken katako na kwana biyu ko uku, haɗawa da gogewa da fenti a bar su sai lokacin da aka ɗauke.